Raba fayil da firinta tsakanin Windows, Mac da Ubuntu, kowa da kalmar sirrinsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne aka ɗora wa kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta a Arkilla, nan cikin Sakkwato. Kwamfuta goma sha huɗu gare mu: goma Windows ne, wasu Home wasu Pro, biyu MacBook ne na shugaban makaranta da mataimakinsa, biyu kuma Ubuntu. Muna da firinta biyu, ɗaya ta USB, ɗaya mai shiga netwok. Har yanzu da filashi muke yawo da takardu daga ofis zuwa ofis. Ina so kowa ya riƙa samun fayil da firinta daga inda yake zaune, amma takardun albashi da tambayoyin jarrabawa kada kowa ya gani sai wanda abin ya shafa. Wani ya ba ni shawarar in buɗe folda a kwamfutar sakatariya in kashe neman kalmar sirri, wai ta haka kaɗai Mac da Ubuntu za su iya shiga. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarar da aka ba ka ba daidai ba ce, kuma da za ka bi ta, wasu daga cikin kwamfutocinka na Windows ne ma za su fara ƙin shiga, ba Mac ko Ubuntu ba. Bambancin babbar manhajar da ke kan kowace na'ura shi ya fi tsorata mutane a irin wannan aiki, alhali kuwa shi ne mafi sauƙi a cikinsa, domin dukkan ukun yare ɗaya suke ji wajen musayar fayil, wato SMB. A kamfanin IBM aka ƙirƙiro shi a shekarun 1980, Microsoft ya ɗauka ya raine shi har ya zama hanyar Windows ta gado. Apple, wanda a da yake da nasa yaren mai suna AFP, ya mayar da SMB hanyarsa ta farko tun fitowar OS X Mavericks a 2013. Linux kuwa yana jin yaren ne ta hanyar Samba, manhajar da Andrew Tridgell ya fara fitarwa a 1992 lokacin yana ɗalibi a birnin Kanbera na ƙasar Ostireliya. Inda gizo ke saƙar shi ne na'urar da ke riƙe da takardun ta san wane ne ke ƙwanƙwasa mata ƙofa, kuma a nan ya kamata lokacinka ya tafi.

Dalilin da ya sa na ce Windows za ta fara ƙi shi ne Microsoft ya daɗe yana toshe shiga ta baƙunta, wato shiga ba suna ba kalmar sirri. Ya fara rufe ta a Windows 10 Enterprise da Education tun 2017, sannan a Windows 11 na zubin 24H2, wanda ya fito a 2024, ya rufe ta a Pro, ya kuma wajabta sa hannun lantarki a kan saƙonnin SMB, abin da baƙo marar kalmar sirri ba ya iya yi. Saboda haka wanda ya gina tsarinsa a kan buɗaɗɗiyar folda zai wayi gari wata rana, bayan kwamfuta ta sabunta kanta da dare, ya tarar da rabin ma'aikata a waje. Ita kuma kwamfutar sakatariya ba wurin ajiyar jama'a ba ce. Windows ɗin tebur ba ta karɓar haɗi fiye da ashirin a lokaci guda, wanda bai dame ku ba yanzu, amma abin da zai dame ku shi ne ana kashe ta idan mai ita ta tashi, ana soka mata filashin kowa, kuma a kanta ake buɗe duk wata wasiƙa da ta shigo makarantar.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka ware kwamfuta ɗaya ta zama uwar garke, wadda ba wanda zai zauna a gabanta ya yi aiki. Tsohuwar kwamfutar tebur mai ƙwaƙwalwar giga huɗu ta ishe ku, muddin ka sa mata sabon faifan ajiya, domin faifai na cikin sassan da suka fi saurin mutuwa. Ka ɗora mata Debian ko Ubuntu Server, ka girka Samba da CUPS, manhajar da ke kula da firinta, ka haɗa ta da rauta ta waya, kada ka dogara da Wi-Fi. Ka ba ta adireshin IP tsayayye, misali 192.168.1.10, in ba haka ba duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita rauta na iya ba ta wata lamba dabam, kowa ya neme ta ya rasa.

Daga nan sai asusun mutane. Kowane ma'aikaci da sunansa na kansa, ba sunan muƙami ba. Idan ka buɗe asusu ɗaya mai suna malamai kowa yana shiga da shi, to ranar da aka goge sakamakon aji uku ba ka da wanda za ka tambaya, ranar da wani ya bar aiki kuma sai ka canza wa mutum ashirin kalmar sirri, kuma na san ba za a canza ba. A Samba kowane mutum yana bukatar rajista sau biyu. Ta farko a Linux ɗin kansa, da umarnin useradd -M -s /usr/sbin/nologin sannan sunan mutumin, wanda ke buɗe masa asusu ba tare da ba shi damar hawa kan uwar garken ya ba ta umarni ba. Ta biyu a Samba, da smbpasswd -a sannan sunan. Mutane da yawa suna tsallake ta biyun, su yi ta mamakin yadda kalmar sirri take daidai amma ana korar su. Dalilin shi ne Linux da Windows kowanne da yadda yake niƙa kalmar sirri kafin ya adana ta, kuma ba a iya fitar da niƙan wannan daga na wancan, don haka dole Samba ta riƙe nata kundin dabam.

Izini kuwa kada ka raba shi mutum-mutum, ka raba shi rukuni-rukuni. Ka buɗe rukunin akanta, rukunin jarrabawa, rukunin malamai, ka jefa kowa inda ya dace. Shugaban makaranta yana iya kasancewa a duka ukun. Ga yadda sashen foldar kuɗi zai kasance a fayil ɗin /etc/samba/smb.conf:

[kudi]
path = /srv/rabo/kudi
valid users = @akanta
read only = no
force group = akanta
create mask = 0660
directory mask = 0770

Layin valid users shi ne mai gadin ƙofar waje: wanda ba ya cikin rukunin akanta ba zai wuce shi ba. Sai dai akwai ƙofa ta biyu a ciki, wato izinin da Linux ya ɗora wa foldar kanta a kan faifai, kuma duk wadda ta fi tsanani a cikin biyun ita ce ke aiki. Mafi yawan koke-koken “ina ganin folda amma ba na iya ajiye komai” daga nan suke fitowa: Samba ta ce bismillah, Linux ya ce foldar ta root ce, wato babban asusun mai iko da na'urar. Maganinsa chgrp akanta a kan foldar, sannan chmod 2770. Lambar 2 ɗin da ke gaba ita ke sa duk sabon fayil ya gaji rukunin foldar, ta yadda abin da akanta ya rubuta yau mataimakinsa zai iya gyarawa gobe. Ka kuma duba layin map to guest, wanda Ubuntu ke zuwa da shi a kan bad user. Ka mayar da shi never, domin wanda ya rubuta sunan da babu shi a kore shi kai tsaye, maimakon a ɗauke shi baƙo Windows ta rikice. Duk lokacin da ka taɓa wannan fayil ka gudanar da testparm, umarnin da ke duba kuskure a cikinsa, kafin ka sake tayar da Samba.

Shiga daga kowace na'ura ba wani abu ba ne. A Windows ka rubuta \\192.168.1.10\kudi a saman File Explorer. A Mac ka buɗe Finder ka danna Command da K, ka rubuta smb://192.168.1.10/kudi. A Ubuntu wannan adireshin dai za ka rubuta a manhajar fayiloli. Kada ka damu idan uwar garken ba ta bayyana da kanta a jerin netwok na Windows ba. Windows tana neman maƙwabta ne da wata hanya mai suna WS-Discovery wadda Samba ba ta da ita, kuma ƙaramar manhaja mai suna wsdd tana cike wannan giɓin idan kana so. A kwamfutocin Ubuntu biyun nan ina gargaɗinka da abu ɗaya: idan ka ɗaure foldar a /etc/fstab da sunan mutum ɗaya, to duk wanda ya zauna a kwamfutar ya zama wannan mutumin a idon uwar garke. Ka bar kowa ya shiga da kansa. Wani zai ce maka ka yi amfani da NFS, wata hanyar musayar fayil ta daban, tsakanin Linux da Linux. Kada ka wahalar da kanka, domin NFS idan ba a haɗa shi da tsarin tantance mutane mai suna Kerberos ba yana gaskata duk lambar mai amfani da kwamfuta ta faɗa masa ne kawai.

Yanzu ga ramin da na fi ganin mutane suna faɗawa, kuma ba a cikin Samba yake ba. Windows tana riƙe shigar mutum har sai ya fita daga asusunsa na Windows, ba wai har ya rufe tagar folda ba. Na taɓa zuwa wani ofis a nan garin inda aka tsara komai daidai, rukuni da izini ba abin da ya rage, amma kwamfutar ɗakin ma'aikata asusun Windows ɗaya gare ta, kowa a kansa yake aiki. Mai kula da kuɗi ya zauna a kanta ya buɗe foldar albashi don ya buga takarda ɗaya, aka kira sallar Azahar, ya rufe tagar ya ɗauki butarsa ya fita. Wanda ya zauna bayansa adireshin kawai ya danna, folda ta buɗe ba tambaya, kafin La'asar kowa ya san abin da kowa ke ɗauka. Saboda haka a duk kwamfutar da mutum fiye da ɗaya ke amfani da ita, ka buɗe wa kowa asusun Windows nasa, ko aƙalla ka hana a danna akwatin tuna kalmar sirri, ka koya musu fita daga asusu idan sun gama. Wannan ɗabi'ar ce kuma ke haifar da kuskure mai lamba 1219, inda Windows ke ƙin haɗuwa da uwar garke ɗaya da sunaye biyu a lokaci guda. Umarnin net use * /delete yana yanke tsohon haɗin, kalmar sirrin da aka riga aka adana kuma a Credential Manager ake goge ta.

Za ka ci karo da shawarwari a intanet masu cewa ka kunna SMB1 komai zai daidaita. Kada ka kunna. Ta wannan tsohon zubin ne cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitocin Ingila. Windows 10 ta fara daina zuwa da shi a kunne tun ƙarshen wannan shekarar, Samba ma ta kashe shi daga zubi na 4.11 a 2019. Abin da yakan tilasta wa mutane komawa gare shi shi ne tsohuwar na'urar hoton takardu mai tura sikanin zuwa folda, wadda ba ta jin wani yare sai shi. Idan taku irin wannan ce, a nemi sabunta manhajar cikinta, ko a riƙa tura sikanin ta imel, ya fi a buɗe wa makaranta gaba ɗaya ƙofar baya saboda na'ura guda.

Domin MacBook biyun, ka ƙara layin vfs objects = catia fruit streams_xattr a sashen gama-gari na smb.conf, Finder zai fi sauri kuma ƙananan ɓoyayyun fayilolin da Mac ke zubarwa za su ragu. Ka ƙara recycle a ƙarshen layin, domin abin da aka goge daga foldar netwok ba ya shiga kwandon shara na Windows, tafiya yake yi gaba ɗaya. Sunayen fayil masu ƙ da ɗ da ɓ ba su da matsala, tunda Samba da UTF-8 take aiki. Alamomi irin su “:” da “?” da “*” ne Windows ba ta yarda da su a suna ba.

Batun firinta ya ɗan bambanta, kuma a nan zan faɗa maka ra'ayina ƙarara. Yaren da ya haɗa kowa a bugu shi ne IPP, mai bi ta ƙofar netwok (port) mai lamba 631, kuma CUPS ce ke magana da shi. Ita CUPS ɗin Michael Sweet ne ya rubuta ta, ta fito a 1999, Apple ya saye ta a 2007, don haka abin da ke bugu a cikin MacBook ɗin shugabanku da abin da ke cikin Ubuntu jinsi ɗaya ne. Ka soka firintar USB a jikin uwar garke, ka girka ta a CUPS, ka ba da umarnin cupsctl --share-printers. Idan Avahi, manhajar da ke shelanta na'urori a netwok, na aiki, Mac da Ubuntu za su gan ta da kansu. A Windows kuma ka ƙara ta da adireshin http://192.168.1.10:631/printers/ sannan sunan da ka ba ta. Idan firintar irin ƙananan HP LaserJet 1020 ne da suka cika shagunan buga takardu, ka sani duk lokacin da aka kunna ta sai kwamfuta ta loda mata manhajar cikinta, saboda haka sai ka girka HPLIP, direban HP na Linux, tare da ƙarin da yake nema, ko wani direban mai suna foo2zjs, in ba haka ba za ta karɓi aiki ta yi shiru.

Tantance mai bugu ya fi tantance mai fayil wahala. Umarnin lpadmin -p sunan firinta -u allow:@jarrabawa yana taƙaita firinta ga rukuni ɗaya, amma shi kaɗai ba tsaro ba ne, domin CUPS tana gaskata sunan da kwamfutar mai bugu ta aiko ne, sai idan ka ɗora wa firintar tsarin printer-op-policy=authenticated. Idan ka ɗora kuma, kalmar sirrin Linux za ta nema, ba ta Samba ba, sai ka tanadar wa mutanen ita ma, ka kunna unix password sync a smb.conf domin su riƙa tafiya tare. Hanya ta biyu ita ce a raba firintar ta cikin Samba, kalmar sirri ɗaya ta yi aiki biyu. Wannan yana yi wa Windows daidai, sai dai tun bayan ɓarakar PrintNightmare ta 2021 Windows ba ta barin wanda ba shugaban kwamfuta ba ya janyo direban firinta daga uwar garke, don haka kai za ka zagaya ka girka direban a kowace na'ura. Mac kuma ta wannan hanyar ta saba tsayar da aiki tana cewa tana jiran tantancewa.

Ni da zan zaɓa muku, firintar netwok ta zama ta kowa, ba kalmar sirri, amma a cikin netwok na ma'aikata kawai, ɗalibai da baƙi a ba su Wi-Fi dabam wanda ba ya ganin cikin gida. Idan tona (tawadar firinta) da takarda ne damuwarku, a bi da kowa ta CUPS, sannan a shiga shafin firintar a hana ta karɓar aiki daga kowane adireshi sai na uwar garke, in tana da wannan damar. In ba a yi haka ba, duk wanda ya san lambarta zai tura mata aiki kai tsaye ta ƙofa ta 9100 ya kewaye duk wani lissafi. Fayil ɗin /var/log/cups/page_log zai nuna maka wanda ya buga da yawan shafukan, ko da yake ƙidayar ba kullum take cika daidai ba. Ita kuwa ta USB ita ce ta jarrabawa, mai kalmar sirri, a ɗaki mai makulli tare da uwar garken. Tambayoyin jarrabawa ba kasafai suke fita ta waya ba. A bakin firinta suke fita, lokacin da aka tura bugu daga wani ofis takarda ta kwanta minti goma kafin mai ita ya iso. Ka kuma mayar da PreserveJobFiles zuwa No a cupsd.conf, fayil ɗin saitin CUPS, domin CUPS takan ajiye kwafin abin da aka buga har tsawon yini guda.

Wataƙila wani ya ce maka ka kafa domen, wato Active Directory, wanda Samba ke iya riƙewa tun zubi na 4.0 a Disambar 2012. Amfaninsa a fili yake: suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya su buɗe wa mutum kowace kwamfuta da folda da firinta. Amma ga kwamfuta goma sha huɗu ban ga ya kai wahalarsa ba. Windows Home ba ta shiga domen sam, sai an ɗaga ta zuwa Pro da kuɗi. Domen yana tsaye ne a kan Kerberos da DNS, mai fassara sunan na'ura zuwa adireshinta, shi kuma Kerberos yana korar duk na'urar da agogonta ya saɓa da fiye da minti biyar, kuma ka san tsofaffin kwamfutocinmu da ƙaramin batirin agogonsu ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai su farka a wata shekarar. Masu Samba da kansu ma ba sa son a haɗa riƙon domen da ajiyar fayil a na'ura ɗaya, ga uwar garke ta biyu ke nan. Idan kun kai kwamfuta talatin ko arba'in, malamai suna sauya wurin zama kullum, sai a sake zama a kan maganar.

Tunda takardun makaranta duka za su koma cikin akwati ɗaya, akwatin yana bukatar kulawa. Ka sa masa UPS ko ka jona shi da inbatar sola, domin yankewar wuta a tsakiyar rubutu ita ce ke lalata fayil. Kada ka kulle shi a kabad marar iska, zafin Afrilu a Sakkwato yana haura digiri 40 kuma faifai ba ya son haka. Idan hunturu ya wuce ka buɗe shi ka hure ƙurar da ta toshe fanka. Ajiyar ko-ta-kwana kuma ta kasance a faifan waje guda biyu da ake musanyawa, a kwafa da umarnin rsync, a cire a kai wani ofis, domin cutar da ke kulle fayil don neman kuɗin fansa tana cin duk foldar da mai kwamfutar ke da izinin rubutu a cikinta, har da faifan da aka bari a jone. Idan shugaban makaranta ya nemi ya riƙa buɗe folda daga gida, kada ka buɗe ƙofa ta 445, wadda SMB ke bi, ko ta 631 ga intanet ko da na yini ɗaya ne; WireGuard, manhajar da ke buɗe amintacciyar hanya (VPN) zuwa netwok ɗin makaranta, za ka kafa masa ya shigo ta ciki. Kafin ka sanar da ma'aikata cewa an gama, ka ɗauki asusun wani malami da ba ya cikin rukunin akanta ko na jarrabawa ka gwada buɗe foldar kuɗi da ta jarrabawa daga Windows, daga Mac, daga Ubuntu, ka tabbatar an kore ka sau shida.